Akori-kurar Alhaji Mudi da Fitilarta Mai Kama Maƙaryata

Cikin duk motocin da suka ratsa hannuna, ban taɓa iya mantawa da ranar da Alhaji Mudi ya shigo mana da akori-kurarsa ba. Wata Talata ce da hantsi, damina ta yi tsaka, lokacin ina ogan ɓangaren inji a garejinmu na hanyar Mando a Kaduna. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, babban gareji kashi-kashi ne. Akwai mu masu inji, akwai rewaya masu harkar wuta da waya, akwai masu bugun bodi da fenti. Kowane ɓangare da ogansa, kuma ƙa'idarmu ita ce duk motar da ta shigo, ogan inji ne zai fara sauraron mai ita kafin a ɗaga bonet.

Alhaji Mudi tsohon magatakardan kotu ne da ya yi ritaya, mazaunin Unguwar Sarki. Bayan ya bar aiki sai suka haɗa gonar kajin ƙwai a bayan Mando shi da amininsa Baba Ayuba, wani tsohon hedimasta mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Abakpa. Da motar nan suke kai dusa su ɗauko ƙwai. Ta girmi da yawa daga cikinku ku yaran gareji, kuma kik ɗinta ya gaji, saboda haka in Alhaji ya samu ta tashi da safe ba ya kashe ta sai ya koma gida.

Ya tsaya a bakin rumfata injin na aiki. Tun kafin ya sauko na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas daga saman injin, irin na ƙarfen da ke neman mai bai samu ba.

Ya ce, "Oga Shehu, wannan ƙarar nake so ka cire mini. Amma ka ji da kyau, akwai wata jar fitila a dashbod. Ita kada ka taɓa ta."

Na leƙa. Fitilar baƙin mai ce, mai hoton 'yar buta, tana kawowa tana ɗaukewa.

Bari in yi wa baƙi bayani. A ƙasan kowane inji akwai kasko da baƙin mai ke taruwa, mu muna ce masa botom-filet. Akwai famfo da ke zuƙo man ta cikin wata rariya, ya tura shi da ƙarfi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. In ƙarfin turawar ya ragu, wani ɗan suwich a jikin injin sai ya kunna wannan fitilar. Ma'anarta guda ce: kashe mota yanzu. Wanda ya ƙi, injin zai buga, sai dai a sauke shi gaba ɗaya.

Na faɗa wa Alhaji haka. Ya saurare ni har na gama, da irin haƙurin mutumin da ya saba jin lauyoyi, sannan ya ce, "Abin da kuka karanta ke nan. Wannan tawa ba ta mai ba ce. Ƙarya take kamawa."

Na zaci wasa yake. Ya jawo benci ya zauna, ya kwashe labari ya ba ni. Wai ranar farko yana dawowa daga gona ya tsaya wurin mai sayar masa da dusa, mutumin ya jingina da taga yana rantsuwa dusar sabuwa ce, sai fitilar ta kawo. Aka buɗe buhu a gona, ta yi fumfuna. Bayan nan ya tsaya ƙofar telansa, tela ya ce gobe-gobe ɗinki zai fito, fitila ta kawo. Da ya ga abin ya maimaitu sai ya tsara masa doka yadda ya saba a kotu. Wanda ake zargi zai zauna a kujerar fasinja, ita ce kujerar shaida. Za a yi tafiya daga Unguwar Sarki zuwa Mando a dawo, don hankalin mutum ya kwanta. Sai a tsaya gindin wani mangwaro kusa da gidansa, injin na sulo, wato yana aiki a hankali ba a taka totur ba, a yi tambaya. Maƙwabta har sun fara kawo masa ƙara. Ya raba rigimar wanda ya toshe kwata, ya gano wanda ke zuba shara a kangon unguwa, ko dai ya ce ya gano.

Ya ce, "Na ƙare ƙuruciyata a kotu ina rubuta maganar mutane, ban san mai gaskiya ba, ban san maƙaryaci ba. Sai da na tsufa Allah Ya ba ni a cikin motar dusa. Kai kuma ka ce in bari ka sa mata sufana?"

Ni kuwa yana magana ina jin ciwon motar filla-filla. Baƙin mai in ya yi zafi tsinkewa yake. Injin da ke sulo kuma famfonsa a hankali yake juyawa. Tafiyar Mando ta dafa man, tsayuwar gindin mangwaro ta rage wa famfo gudu, dole fitila ta kawo ko da liman ne a kujerar. Na tambaye shi ko ta taɓa kawowa shi yana magana. Ya ce ko sau ɗaya. Daga baya na lura da dalili. Alhaji in yana magana da zafi yake yi, ƙafarsa kuma tana kan totur, yana ɗaga murya yana ɗan takawa bai sani ba. Injin ya ɗaga, fitila ta ɗauke.

Muna cikin haka Keke Napep ya sauke wani dattijo dogo da lema a hannu. Baba Ayuba ne. Bai kalli Alhaji ba, ni ya gaisar, ya ce Hajiyar gidan Alhaji ce ta kira shi ta ce an kawo motar gareji.

Ya ce, "Oga, ka shaida wa wancan mutumin rabin motar nan nawa ne. Ba a taɓa ta sai da sanina."

Alhaji ya ce, "Oga, ka shaida masa mun riga mun yanke. Gaba nawa, bodin baya nasa. Inji a gaba yake."

Suna zaune a benci ɗaya, ni ina tsakiya ina kai saƙo. A haka na gane abin da ya haɗa su. Makonnin baya wata cuta ta shiga kaji ta kashe da dama. Alhaji ya sa Baba Ayuba a kujerar shaida ya tambaye shi ko ya ba su rigakafi a kan lokaci. Baba ya ce ya ba su, fitila ta kawo. Tun ranar ba sa ga maciji. Mutanen da suka yi zaman gida ɗaya tun suna samari a Abakpa, wannan ya raka wancan ɗaurin aure, wancan ya yi wa wannan tsayuwar biki a coci, yanzu sun kira mai awo zai zo ya raba gonar, har kajin ma kowa ya ɗebi nasa.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka kashe injin nan mu yi magana. Duk minti ɗaya da yake yi a haka, cin kansa yake."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shiga kujerar shaida."

Na shiga, don ba ni da wata hanyar. Baba Ayuba ya hau bodin baya, tunda nan ne rabonsa, ya buɗe lema. Muka zaga har shataletale muka dawo, ina jin ƙwas-ƙwas ɗin nan kamar a haƙorina ake yi. Ya tsaya gaban rumfata. Kafin nan masu fenti da rewaya duk sun ajiye aiki sun kewaye mu.

Ya ce, "Injin nan yana da ciwo?"

Na ce, "Yana da shi, ranka ya daɗe."

Fitila ta kawo jazur. Jama'a suka ce, "Kai!"

Na ce, "To, lafiyarsa ƙalau."

Ta ci gaba da ci. Alhaji ya kaɗa kai ya ce, "Wannan ma ƙarya ce, don ba shi ne a zuciyarka ba."

Na ce ya tambaye ni abin da ba a gardama a kansa. Ya ce, "Yaya sunanka?" Na ce, "Shehu." Fitila ko gezau, tana nan a kunne. Ya matso ya ce, "Sunan yanka?" Sunana na yanka kuwa Usman ne, Shehu laƙabi ne da kakata ta sa mini. Da na faɗa, garejin ya kaure da ihu. Danladi, ogan rewaya, wanda muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya, ya ja da baya yana cewa ashe bai san da wa yake zaune ba. Wallahi a lokacin ni kaina sai da na saci kallon fitilar nan da wani ido daban.

Baba Ayuba ne ya sauko ya rufe lemarsa. Ya ce shi ya yi shekaru yana hukunta ɗalibai, bai taɓa yarda da mai kawo tsegumi ba sai ya gwada shi. A kawo shaidar da ba ta iya ƙarya. A bodin baya akwai kwando da tsofaffin kaji biyu da Alhaji zai kai wa Hajiya. Baba ya ciro ɗaya, na sauka, ya ɗora ta a kujerar shaida. Kaza ta gyara zama ta kalli dashbod. Fitila na ci.

Baba ya ce, "To, ita kuma me ta ce?"

Alhaji bai ko yi jim ba. Ya ce, "Ai shi ya sa za a yanka ta. Ta daina ƙwai tuntuni, amma kullum sai ta shiga akurki ta fito tana kyarkyara kamar ta yi."

Nan ma jama'a suka ba fitila gaskiya. Mai shayin bakin gareji ya ce shi dama bai taɓa yarda da kaza ba.

Baba Ayuba ya mayar da kazar kwando. Sannan a karon farko ya dubi amininsa ido cikin ido ya yi masa magana kai tsaye.

Ya ce, "Mudi, kowa ya zauna a kujerar nan ban da kai. A wace kotu aka taɓa yin haka?"

Wannan ta kama Alhaji, don mutum ne mai son a bi tsari. Ya sauko ya zagaya ya zauna a kujerar shaida, ya gyara hula. Ni na koma mazaunin direba, na naɗe ƙafafuna nesa da totur, ina roƙon Allah a zuciya kada injin ya buga kafin a tashi daga zaman.

Baba ya jingina da taga ya ce, "Faɗa wa jama'a. Kana so a raba gonar?"

Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Ina so a raba! Kuma ba na bukatar ka, ko kaɗan!"

Ƙafarsa ta taka tabarmar ƙasa, inda babu totur. Fitilar da ke ɗan ƙyaftawa sai ta tsaya cak, ja wur, don zuwa lokacin man ya gama tsinkewa.

Alhaji ya kalli fitila, ya kalli Baba Ayuba. Yanzu abu biyu ne a gabansa: ko fitilarsa ba ta san komai ba, ko kuwa ta tona shi a gaban masu fenti. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Kotu ta lura shaida ba ta da lafiya. An ɗage zama sai likita ya duba ta. Oga, kashe."

Ban taɓa murɗa makulli da sauri irin na ranar ba.

Daga nan aiki ya koma hannunmu, kuma ina so ku ƙanana ku riƙe yadda aka bi shi, don ba a fara wa daga babba. Da injin ya huce na zaro sandar awon mai. Mai yana nan daidai layi, amma baƙi ƙirin, da kauri a ƙasa kamar kwalta. Na tambayi Alhaji rabonsa da juye. Ya ce shi ba ya juye, ƙari yake yi, don bai ga dalilin zubar da man da bai yi laifin komai ba. Danladi ya bi wayar fitilar daga dashbod har jikin injin ko ta goge tana taɓa bodi, ya ce lafiya lau. Sai na kwance suwich ɗin na ɗaura geji a gurbinsa. Kada ku taɓa yanke hukunci da fitila kaɗai, suwich na iya lalacewa ya tsorata ku a banza, geji ne ke nuna ainihin ƙarfin man. Muka tura ta ta tashi. Da sanyi allura ta ɗan hau. Da ya ɗumama aka bar shi a sulo, sai ta zube kusan ƙasa. In na taka totur ta ɗan ɗago, in na saki ta koma. Suwich ya fita daga zargi, ciwon a ciki yake.

Muka tura ta kan rami, na juye man, na kwance botom-filet. Abin da na tarar ya sa na kira su biyun su leƙo da kansu. Rariyar famfo ta toshe da dattin mai, da guntayen gam da wani ya taɓa lafta wa gasket, da 'yan fallayen gwangwanin da ake liƙe bakin galan da su, waɗanda ke faɗawa ciki in ana ƙari da gaggawa. A tsakiyar su duka kuma ga wani curi na zare. Na warware shi a cikin fetur, sai ga safa, ƙafa ɗaya, ruwan toka. Alhaji ya ce murfin mai ya taɓa ɓata masa a hanyar gona, ya toshe bakin da safarsa, da ya sayi murfi kuma ya duba bai gan ta ba, ya ɗauka iska ta ɗauke. Baba Ayuba ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Dariyar farko ke nan da na ji daga ɗayansu.

Famfon kansa haƙoransa sun cinye, na sa sabo. Na buɗe metal, wato 'yan ɓawon ƙarfen da karanshaf, babban sandan cikin inji, ke juyawa a kansu, na ga sun fara zanewa amma karanshaf bai ji rauni ba, aka canza su kawai. Da sun ƙara zaman kotu biyu ko uku, da sai an sauke injin. Muka wanke rariya da kasko tas, sabon gasket, sabuwar filta, sabon mai. Aikin ya kai mu washegari da la'asar. Dukansu biyu suka dawo, kuma a Keke ɗaya suka zo, kowa na kallon gefensa.

Na tayar da ita da geji a jiki, allura ta hau ta zauna daram, da zafi da sanyi. Ƙwas-ƙwas ya tafi. Na mayar da suwich. Alhaji ya ce sai an gwada a bisa tsari. Muka zaga shataletale muka dawo muka tsaya, ni a kujerar shaida.

Ya ce, "Yi ƙarya."

Na ce, "Ni matuƙin jirgin sama ne, nan Mando nake tashi da shi kullum."

Dashbod baƙi ƙirin, ko ƙyaftawa babu. Alhaji ya kalli wurin. Ya ce a hankali, "Ka kashe mini shaida, Usman." Sannan ya leƙa ta taga ya ce wa Baba Ayuba, wanda ke shirin hawa bodin baya, "Hedimasta, hadari ya haɗo. Shigo gaba." Na ba shi wuri. Mai awon gona dai bai samu wannan aikin ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai mota ba ya zuwa da ciwon mota kaɗai, yana zuwa da fassararsa. Kada ka yi masa dariya tun bai gama ba. Duk abin da nake bukata yana cikin labarin Alhaji: sai an yi tafiya, sai an tsaya, sai injin na sulo. Ya lura da motarsa fiye da direbobi da yawa, inda ya kai lurar ne kawai daban. Na kuma koyi cewa gardama ba ta sa mutum ya miƙa makulli. Ni na yi ta bayani ban ci nasara ba, sai da wanda ya san shi tun suna samari ya samo masa ƙofar da zai fita da hularsa a kai.

Bayan kamar wata guda sai ga su sun dawo. Alhaji ya ja ni gefe ya rage murya. Wai an zaɓe shi shugaban kwamitin gyaran kwalbatin unguwa, kuma akwai 'yan kwangila da za su zo yi masa bayani. Ko zan iya sa masa ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera, wanda in ya danna fitilar za ta kawo? Na ce masa fitilar mai ba abin wasa ba ce, duk ranar da ta kawo ina so ya tsorata, kuma muddin ina garejin nan ba mai taɓa wayarta. Ya ce ya ji, hukunci ya yi daidai.

Da yamma zan tafi masallaci na hango motar a rumfar Danladi. Ƙafafun Danladi ne kawai a waje, sauran jikinsa na ƙarƙashin sitiyari. Baba Ayuba na tsaye riƙe da wani sabon ƙwan fitila, kore, Alhaji na nuna inda za a huda masa a dashbod, nesa da jar fitilar mai. Na leƙa na tabbatar ba su kusanci wayar mai ba. Baba ya ce, "Oga, shigo ka zauna mu gwada." Na ce su yi haƙuri, an tayar da iƙama.